Yadda Na Ci Kuɗin Yara da Adireshin Mma Adiza

Ba zan faɗi sunana ba, saboda 'ya'yana suna amfani da shi a makaranta, kuma ba su yi laifin komai ba. Mutanen unguwar Longsight ta Manchester da suka san ni za su gane ni, wannan ba komai. Ku matasa nake yi wa rubutun nan, musamman waɗanda kuka zo karatu Ingila, kuna ganin laifi sai ɗan daba mai wuƙa a ƙugu. Ni ma haka nake gani a da. Ban taɓa fasa shago ba, ban taɓa zura hannu a aljihun wani ba. Da biro na yi tawa satar, da alwalata, sanye da riga mai guga.

A Zariya aka haife ni. Mahaifina malamin firamare ne, mutumin da idan mai shago ya yi masa kuskuren canji sai ya koma da ƙafa ya mayar. Na karanta ilimin sinadarai, na samu tallafin karatu na zo Manchester yin digiri na biyu. Da na gama, wani kamfanin fenti ya ɗauke ni aiki a ɗakin gwaje-gwajensa. Na koma gida na auro Bilkisu, na kawo ta. A hankali muka samu takardar zama ta dindindin.

Wurin da muka fara zama shi ne ɗakin sama a gidan Mma Adiza, a wani layi bayan kasuwar Longsight. Mma Adiza Bahaushiyar Kumasi ce, mijinta ya rasu tun kafin mu zo. Ta shafe shekaru tana sharar ofisoshi a tsakiyar gari, tana fita tun da asuba, har gwiwoyinta suka gaza ta zauna. 'Yarta ɗaya ce a ƙasar, Fati, ma'aikaciyar jinya, tana aure a wata unguwa. Mma tana jin Turancin kasuwa da na bas, amma ba ta karanta shi. Duk wasiƙar da ta faɗo ta ramin ƙofa sai ta ajiye mini a kan firij.

"Ɗana, zo ka duba mini, me mutanen council suke so kuma?"

Hukumar gari take nufi. In karanta, in fassara mata, in rubuta amsa idan da buƙata. Ita kuma ta ɗauke mu tamkar ita ta haife mu. Lokacin da Bilkisu ta haifi 'yarmu ta fari, Hafsa, ba mu da uwa ko gwaggo a ƙasar. Mma ce ta yi mata wankan jego, ita take hawa bene da gwiwoyin nan nata ta kai mata kunu. Daga ranar ta daina kirana da sunana, sai Baban Hafsa. Ko bayan mun kama gidan haya a unguwar Levenshulme, yara sun zama uku, duk Lahadi muna hawa bas a Stockport Road mu je mu ci wake da shinkafarta irin ta Kumasi, mai ja, da yajinta mai kifi.

A wannan lokacin ne gwamnati ta fito da abin da ake kira child tax credit. Kuɗi ne da ofishin haraji ke sa wa iyaye a banki domin taimakon rainon yara, gwargwadon abin da gida ke samu. Na cike fom, aka ba mu, kuma halal ɗinmu ne. Sharaɗinsa ba ɓoyayye ba ne: sai kana zaune a ƙasar, kai da yaran. Idan za ka bar ƙasar gaba ɗaya, ko tafiyar za ta daɗe, dole ka sanar. Na san wannan sarai, domin ni ne nake yi wa mutane bayaninsa a ƙofar masallaci.

Sai kamfaninmu ya rufe sashen da nake. Na yi wata takwas ina gadi da rabon kaya, ina neman aikin da na karanta ban samu ba. Daga nan Allah ya kawo wani aiki a ƙasar Oman, a wata kwalejin fasaha: albashi mai kyau, ga gida kyauta, ga kuɗin makarantar yara. Na fara tafiya ni kaɗai. Da aka yi hutun ƙarshen shekara, Bilkisu ta sallami gidan haya ta biyo ni da yaran.

A nan ne abin ya fara, kuma da ɗan ƙaramin tunani ya fara. Na ce a raina, ai aikin nan gwaji ne tukuna. Idan bai yi ba muka dawo, sake buɗe wannan kuɗi zai ɗauki watanni. Bari in bar shi wata uku in ga yadda za ta kasance. Na buga waya ofishin haraji, amma maimakon in ce mun tafi, sai na ce mun canza gida. Na ba su adireshin Mma Adiza. Sannan na kira ta.

"Mma, wasiƙuna za su riƙa zuwa gidanki. Ki ajiye mini kawai, ba sai kin buɗe ba."

"To, ɗana. Ai gidanka ne."

Wata uku ya wuce, aka tabbatar mini da aiki. Ban kira ba. Kuɗin yana shiga asusuna na Manchester duk bayan mako huɗu, ba wanda ya tambaye ni komai. Idan zuciyata ta motsa sai in ce mata, shekara nawa na yi ina biyan haraji a ƙasar nan? Ai nawa ne nake karɓa. Wata rana Bilkisu tana ninke kayan yara ta tambaye ni.

"Baban Hafsa, ka gaya wa mutanen tax credit mun tafi kuwa?"

Na ce, "Na gaya musu tuntuni."

Wannan ita ce ƙarya ta farko da na yi mata a zamanmu, kuma abin da ya ba ni tsoro daga baya shi ne yadda ta fito daga bakina ba tare da wahala ba.

Duk shekara idan zafin Oman ya tsananta, makarantu suka yi hutu, mukan zo Manchester mu yi 'yan makonni, mu sauka gidan Mma. Takan miƙo mini leda cike da ambulan, ta ɗaure bakinta da kyau. A ciki akwai fom ɗin sabuntawa, wanda ake tambayarka ko wani abu ya canza a rayuwarka. A kan teburin cin abincinta na zauna na rubuta cewa ba abin da ya canza. Wurin sa hannun Bilkisu kuwa, ni na kwaikwaya.

Da a nan na tsaya ma laifi ne babba, amma ban tsaya ba. A shekara ta biyu na fara gini a Zariya. Ba don ba ni da wurin kwana ba, so nake in na je gida a nuna da yatsa a ce ga gidan wane na Ingila. Ginin yana cin kuɗi, ni kuma na riga na ga ƙofar da ba mai gadi. Na san idan iyaye suna aiki suna biyan mai rainon yara, ana ƙara musu wani kaso mai tsoka. Sai na rubuta cewa ni direban tasi ne mai ƙaramin samu, Bilkisu tana aikin shago, yaranmu kuma suna wuni wurin mai raino. Aka nemi suna da adireshin mai rainon. Na rubuta Mma Adiza. Lambar rajista kuwa, na ɗauko ta wata mata da ta taɓa riƙe mana Hafsa a Levenshulme.

Na kuma shirya wata takarda da ke cewa Mma tana karɓar kuɗin raino a hannuna duk mako, don ko da an tambaya. Na kai mata tana zaune tana gyaran alayyafo.

"Mma, ki sa mini hannu a nan. Don wasiƙun su ci gaba da zuwa ne."

Ta goge hannunta da zane, ta karɓi biron. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta rubuta sunanta harafi bayan harafi, a hankali, kamar yadda ta koya da girmanta. Ina tsaye a kanta ina kallo. Da ta gama ta ɗago ta ce, "Ya yi kyau?" Na ce ya yi.

Haka na yi ta yi har kusan shekara huɗu. Ina salla, ina azumi, har umara na je. Idan muka zo hutu nakan kawo wa Mma turare da dabino da atamfa, ta yi ta sa mini albarka a gaban mutane.

Wata ranar Talata da hantsi, ina cikin ɗakin gwaji da ɗalibai, wayata ta yi ƙara. Fati ce. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba.

"Me ka sa Mma ta sa wa hannu?"

Na fita baranda. Na ce ban gane ba.

"Ka gane. Mutane biyu sun zo gida daga ofishin haraji. Sun ce yara uku suna zaune a nan, amma ba makarantar da ta san da su, ba likitan da ya gan su. Sun ce Mma tana karɓar kuɗin raino shekara da shekaru ba ta faɗa ba. An dakatar da ƙarin fanshonta, council ta tsayar da taimakon haya. Jiya na kai ta interview, su yi mata tambayoyi, suka kunna rikoda, suka karanta mata gargaɗi kamar ɓarauniya. Mace mai shekara saba'in!"

Abin da ya fara fitowa daga bakina, kuma har yau ina jin kunyarsa, shi ne, "Fati, ki kwantar da hankalinki, zan turo kuɗi."

Ta ce, "Riƙe kuɗinka. Sunanta za ka dawo mata da shi." Ta kashe wayar.

Kwana uku ban gaya wa kowa a gida ba. Na gaya wa wani abokin aikina, shi ma ya taɓa zama a Ingila. Ya ce mini, "Kai dai kada ka sake ka taka ƙasar. Ba wanda zai biyo ka nan a kan wannan. Tsohuwa kuwa ba za su ɗaure ta ba, za su gaji su ƙyale ta." Ba zan ɓoye muku ba, maganarsa ta yi mini daɗi. Na fara lissafin yadda zan rufe asusun, in canza lambar waya, in ce wa Bilkisu bana a Zariya za mu yi hutu.

A rana ta huɗu sai ga kira daga lambar gidan Mma. Na daɗe ina kallon wayar kafin na ɗauka. Muryarta ta yi ƙasa sosai.

"Baban Hafsa, kuna lafiya? Ya yaran? Ya Bilkisu?"

Na ce lafiya lau.

"Ɗana, wani rikici ne ya taso a nan. Sun nuna mini wata takarda, sun ce hannuna ne. Na ce ƙwarai hannuna ne, ɗana ne ya ba ni. Fati tana ta faɗa, na ce mata ta yi shiru, kuskure ne aka yi a ofis. Na ce musu su jira ka, kai ka iya Turanci, idan ka zo za ka warware musu. Yaushe za ka zo?"

Ashe har lokacin ba ta yarda ni na yi mata haka ba. Daga baya na ji cewa ta daina zuwa kasuwa, ta daina zuwa karatun mata na ranar Asabar, saboda labari ya bazu cewa Mma Adiza tana cin kuɗin gwamnati da sunan 'ya'yan mutane. Hawan jininta ya tashi har sai da aka kwantar da ita kwana biyu. Duk wannan ba ta faɗa mini ko ɗaya ba.

Na ce, "Ina zuwa, Mma." Ban san ko da gaske nake ba sai da na ji na faɗa.

Da na koma gida na sa yara suka shiga ɗaki, na zaunar da Bilkisu na gaya mata komai, har da sa hannunta da na kwaikwaya. Ba ta yi ihu ba. Ta dube ni ta ce, "Matar da ta yi mini wankan jego?" Sai hawaye. Na fara cewa wataƙila akwai hanyar da za a bi ta lauya daga nan, ba sai na je ba. Ta tare ni.

"Ka sayi tikiti. Idan ba za ka je ba, ni zan je, tunda sunana ma yana ciki. Ba zan ci abinci a gidan nan ba alhali Mma tana can ana nuna ta."

Na ajiye aiki. Muka tattara abin da za mu iya ɗauka muka dawo. Ba mu da gida a Manchester, kuma ba ni da fuskar da zan kai iyalina Longsight. Yayan Bilkisu, Yaya Kabiru, direban bas ne a Birmingham, yana zaune a wani flat mai ɗaki biyu a hawa na tara a Ladywood, shi da matarsa da 'ya'yansa biyu. Shi ya tarbe mu a filin jirgi. A mota ya ce mini, "Abin da ka yi bai yi kyau ba, kuma ba zan sake maimaita maka ba. Ƙanwata da yara suna wurina har ranar da Allah ya yanke." Ya cika alkawari, bai sake tayar da maganar ba. Ya ba mu ɗakin 'ya'yansa, su suka koma kwanan falo.

Na samu lauya, muka hau jirgin ƙasa zuwa Manchester, na kai kaina ofishin haraji. Mace ce ta yi mini tambayoyi, da wani namiji a gefenta yana rubutu. Aka kunna rikoda. Na ce kafin a tambaye ni komai ina so a rubuta cewa tsohuwar nan ba ta san abin da ta sa wa hannu ba, ba ta taɓa karɓar ko kwabo daga gare ni ba, matata ma ba ta sani ba. Na ba su fasfo ɗinmu da takardar aikina da takardun makarantar yara na Oman. Muka yi kusan awa uku. Da aka kashe rikodar, matar ta zuba mini ruwa a kofi, ta ce da yawa ba sa dawowa. Ban ji daɗin maganar ba, domin na san saura ƙiris ni ma in zama cikinsu.

Bayan 'yan makonni aka wanke Mma, aka mayar mata da haƙƙinta har da na watannin da aka riƙe. Aka cire sunan Bilkisu daga tuhuma. Na sa ƙanena ya sayar da ginin Zariya, wanda ko kwana ɗaya ban yi a ciki ba, aka mayar da abin da na ci. Mahaifina ya riga ya rasu a lokacin. Mahaifiyata ce ta ji, ta ce a gaya mini tana yi mini addu'a, amma ba ta karɓi waya ba sai bayan wata biyu.

Ranar shari'a na amsa laifina. Da na waiga bayan kotun sai na ga Mma zaune da sandarta, Fati a gefenta ta haɗe rai. Ban san za ta zo ba. Alƙalin ya ce ya lura da cewa na dawo da ƙafata kuma na biya, amma ba zai kau da kai daga yadda na yi amfani da tsohuwar da ta amince da ni ba, kuma na yi hakan shekara bayan shekara ina sane. Ya yanke mini wata goma sha shida, in yi rabi a ciki. Lokacin da ake sauka da ni ta matakalar da ke bayan akwatin masu laifi, na ji muryar Mma tana cewa, "Allah ya sa kaffara ce, ɗana."

Na yi makonnin farko a gidan yari a Manchester, daga baya aka mayar da ni wani kusa da Birmingham. Ba zan tsawaita a kan zaman ciki ba. Ƙofa ce da ba ta da mariƙi ta ciki. Wani ne zai gaya maka lokacin cin abinci, da lokacin wanka, da lokacin da za ka ga rana. Ɗakinmu ɗaya da wani Bature da ya yi fashi a gidan mai, banɗaki yana kusa da kan gadona. Da ya tambaye ni me ya kawo ni na gaya masa, sai ya yi dariya ya ce, "Kai ma ɓarawo ne ashe, sai dai kai ka yi makaranta."

Akwai limamin da ke zuwa mana ranar Juma'a. Wata rana na tsaya bayan salla na ce masa abin da ke damuna shi ne tsohuwar, amma kuɗin kansa ai na gwamnati ne, ba na wani mutum ba. Ya tambaye ni aikin da tsohuwar ta yi a rayuwarta. Na ce shara. Ya ce, "Ana cire mata haraji a albashin sharar?" Na ce ana cirewa. Ya ce, "To, ka san mai kuɗin." Wannan magana ta zauna mini fiye da hukuncin alƙali.

Aka sa ni aikin kicin, daga baya na riƙa koya wa wasu fursunoni lissafi da karatu. A can na yi azumin watan Ramadan. Bilkisu ta samu aiki a gidan kula da tsofaffi, matar da ba ta taɓa aikin albashi ba, tana tashi da sassafe ta bi bas biyu. Duk ranar ziyara Yaya Kabiru yakan musanya aikinsa da wani ya kawo su.

Ziyara ta farko da aka kawo Hafsa ita ce ta fi yi mini wuya. Tana da shekara goma sha ɗaya. Na roƙi Bilkisu ta ce wa yaran na yi tafiya, ta ƙi, ta ce an gama ƙarya a gidanmu. Hafsa ta zauna a gabana, teburi a tsakaninmu, ta ƙi taɓa biskit ɗin da aka saya mata. Can ta tambaye ni da Turanci, domin shi ya fi zama a bakinta, ko da gaske ne na yi sata. Na ce da gaske ne. Ta ce ai muna da komai a Oman, me ya sa? Na ce ba ni da wani dalili mai kyau da zan ba ta. Can sai ta ce ta zo ta ɗaya a lissafi a sabuwar makarantarsu. Da lokaci ya cika ta zagayo ta rungume ni. Na koma ɗaki na kifa fuskata a bargo don kada abokin zamana ya ji.

Da wata takwas suka cika, wata rana da safe aka sake ni, da kayana a cikin leda. Yaya Kabiru yana bakin ƙofa a motarsa, ya kawo mini shayi a filas. Council ta riga ta ba Bilkisu wani ƙaramin flat a nan Ladywood, ba nisa da nasu. Na nemi aikin da na karanta a wurare da yawa, amma duk fom yana da layin da ake tambaya ko an taɓa ɗaure ka, kuma na yi wa kaina alkawarin ba zan sake rubuta ƙarya a fom ba. Ba wanda ya kira ni. A ƙarshe wani ɗan Pakistan mai sito na kayan abinci ya ɗauke ni, bayan na gaya masa komai. Ina ɗaga buhunan shinkafa da jarkokin mai, digirina biyu suna cikin akwati. Wallahi ban taɓa cin abincin da ya kwanta mini a ciki kamar na wannan albashi ba.

Sai da na yi wata guda da fitowa kafin na iya zuwa Longsight. Na sauka daga bas na bi ta bayan kasuwa, kaina a ƙasa. Wasu da suka gan ni sun amsa sallama, wasu sun kau da kai. Fati ce ta buɗe ƙofa. Ta kalle ni, ta matsa gefe, ta haye sama. Mma tana falo, ƙafafunta a kan ƙaramar kujera. Na durƙusa a gabanta, duk maganar da na shirya a hanya ta gudu. Abin da na iya cewa kawai shi ne, "Mma, ki yafe mini."

Ta ce, "Tashi ka zauna, ƙasan da sanyi." Na ƙi tashi. Ta ce, "Baban Hafsa, ka ba ni kunya, ba zan ce ba ka ba ni ba. Wata huɗu ban iya fita ƙofar nan ba. Ranar da Fati ta zaunar da ni ta karanta mini abin da ke cikin takardar nan, na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar babanta. Amma ka dawo. Da kana iya zamanka can, ka dawo. Tun ranar na yafe maka, duniya da lahira. Kada ka sake zuwa gidan nan da wannan magana. Ka kawo mini jikokina."

Na kai mata su a hutun da ya biyo baya, kuma muna zuwa har yanzu. Fati ba ta yi mini magana ba har yau, in ban da amsa sallama, kuma ban ga laifinta ba. Ba kowane abu ne tuba ke gyarawa ba.

Idan na duba baya, godiya ce ta fi yawa a zuciyata. Na gode wa Allah da ya tona asirina a duniya, ina da sauran numfashin da zan nemi gafara. Na gode wa Bilkisu da ta ƙi rufa mini irin rufin da zai halaka ni, ta kuma riƙe gida ba ta tafi ba. Na gode wa Yaya Kabiru da matarsa. Na gode wa Fati ma, domin da ta karɓi kuɗin da na ce zan turo, da yanzu ina can ina ci gaba. Mma kuwa, ba ni da abin da zan biya ta sai addu'a.

Ku matasa, ga abin da nake so ku ɗauka. Da yawanku za ku gama karatu, ku yi iyali, ku samu aiki a wata ƙasa ko ku koma gida. Ranar da kuka yanke shawarar tafiya, ku kira duk ofishin da ke ba ku wani abu ku ce kun tafi. Kiran bai fi minti goma ba. Kada ku ce bari a ga wata uku, daga nan nawa ya fara. Kada ku ari adireshin kowa don ku nuna kuna inda ba ku. Duk wanda ya ce muku kowa ma yana yi, ku tambaye shi ko zai shiga kotu tare da ku. Idan kuma Allah ya ba ku ilimin karanta abin da wani bai iya karantawa ba, ya miƙo muku takardarsa ko ya karɓi biro daga hannunku, ku ji tsoron Allah a kansa.

Wanda kuma ya riga ya fara, yana karanta wannan gabansa yana faɗuwa, ina roƙonsa ya nemi lauya a makon nan ya kai kansa, tun kafin a ƙwanƙwasa ƙofar wani bawan Allah da bai san komai ba. Zai sha wuya, ni ma na sha. Amma ni ga shi na fito, ina kallon 'ya'yana ido da ido, kuma duk wanda ya buga ƙofata yanzu, da kaina nake tashi in buɗe.